Naman da Mama Matta Ba Ta Ga Yankansa Ba

Idan ka ga Mama Matta a wurin liyafar biki, sai ka rantse wani abu aka sace mata. Ba ta zama, ba ta rawa. Tana tsaye bayan rumfa, gyale ɗaure a ƙugu, idonta a kan kowa. Mai janareta ya ce ya cika mai, sai ta sa ya buɗe tanki ta leƙa. Mai kiɗa ya bugo ya ce yana hanya, ta ce ya miƙa wa mai keken da ya ɗauko shi wayar ta ji daga bakinsa. Ni Zinariya maƙwabciyarta ce a unguwar Ɗan Iya, kuma halin nan ya sha ƙular da ni, don ko gishiri ta ara a wurina sai ta ɗanɗana a gabana.

Daga Bogoro ta zo Bauchi da mijinta Zakka, ma'aikacin gwamnati. Da ya rasu, girkin da take yi wa zumuntar mata a coci ya zama sana'a. Daga girki ta koma riƙe liyafa gaba ɗaya: kujeru, rumfuna, wa zai zauna ina, yaushe abinci zai fito. Bikin da ta riƙe ba ya kai magariba, ba a kuma tashi da yunwa.

Amma ba wannan ne ya yi mata suna ba. Bikin Kirista a garin nan ba ya rasa Musulmi, maƙwabta ne ko abokan ofis ko 'yan kasuwar Muda Lawal, kuma yawancinmu ba ma cin nama sai mun san Musulmi ya yanka. Don haka da kanta take ɗauko mahauci daga unguwar Gwallaga, ta tsaya a kansa har ya yi bisimilla ya ja wuƙa. In ta dire faranti ta ce "ku ci," ko limamin unguwarmu ba ya tambaya.

Sai bikin autarta Gift ya zo. An yi da dangin ango za su kawo sa da ransa, a yanka a nan. Aka yi ta jira shiru. Ranar liyafa, ana jera kujeru, sai ga mota daga ƙauyensu, ana ta sauke kuloli cike da soyayyen nama. Baba Joel, ƙanen mahaifin ango, yana gaba yana washe baki.

"Mama, mun hutar da ke. Mun gama komai a gida."

"Sannunku da ƙoƙari, Baba. Wa ya yanka?"

"Musulmi ne. Wani Bafulatani na kusa da mu."

"Yaya sunansa?"

Dariyar ta ɗauke. "Haba Mama! Da furfurata zan yi miki ƙarya ranar auren ɗana?"

Ina wurin, ina taya ta goge faranti. Na ga yadda ta kalli kulolin, ta kalli ƙofar da Gift za ta shigo. In ta ƙi naman, ta ƙaryata suruki ranar farko. In ta raba mana, ta ce "ku ci" a kan abin da idonta bai gani ba. Wallahi tausayinta ya kama ni, har na raɗa mata cewa tunda ya ce Musulmi ne, alhakin yana wuyansa. Ko kallona ba ta yi ba.

Ta sa mata biyu suka dafa ƙwai. Kowace rumfa ta sami shinkafa da nama, tamu ta Musulmi ta sami shinkafa da ƙwai. Ta zo da kanta, ta rage murya.

"Naman nan ban ga yankansa ba. Mai so ya karɓa, amma ba da bakina ba."

Babu wanda ya karɓa. Baba Joel ya zo wucewa, ya ga rumfa guda ana ɓare ƙwai, ya gane. Ya juya ya koma wurin danginsa. Matan dangin ango suka janye daga filin rawa, kafin a yanka kek motarsu ta tashi. Sauran liyafar ta tafi sumul, wuta ba ta ɗauke ba, abinci ya ishi kowa, amarya tana murmushi ido jawur.

Har yau surukan ba su sake taka gidanta ba. Kirsimetin bana Gift waya kawai ta yi, ta ce Mama ta yi haƙuri, a gidan miji ba a daina zancen ba. Aiki kuwa sai ƙaruwa yake, har Musulmi na kiranta ta riƙe musu biki.

Rannan muna tsintar shinkafa a tsakar gidanta. Can ta ajiye tire.

"Zinariya, tsakaninki da Allah. Bafulatanin nan, kina ganin akwai shi?"

Na ce ban sani ba, Mama. Ta gyaɗa kai, ta ce ita abin da ke hana ta sukuni ke nan, wataƙila akwai shi.