Kwaɗon Jamus a Ƙofar Mma

Alhamis: Hamburg zuwa Nima

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na ja ƙofar ɗakina a Hamburg, na murɗa makulli sau biyu. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan, babu wanda zan ce wa sai na dawo. Jirgin ƙasa ya kai ni filin jirgi cikin minti ashirin da biyar, muka yi sauyi a Brussels, biyar saura na yamma muka sauka Accra.

Abu ɗaya ya kawo ni: in ɗauke mahaifiyata, Mma, daga unguwarmu Nima da ke cikin Accra, in mayar da ita gidan da na gina a garin Kasoa. Shekara shida ina wankin tukwane a gidan abinci don ginin nan, kullum na yi mata maganar ƙaura sai ta ce, "Sai ka zo." Da ɓacin rai na taso.

"Boga, akwaba! Nima sidi ɗari biyu," in ji mai tasi. Boga suke kiran duk wanda ya dawo daga Turai, akwaba kuwa maraba ce.

"Kai, a Nima aka binne cibiyata!"

"To, ɗari da ashirin. Amma takalminka bai san Nima ba, cale." Cale, wato aboki.

Ta unguwar Kanda muka bi. Warin kwata ne ya fara yi mini maraba. Na tarar da ƙofar gidanmu a wangale, Mma na zaune da ƙafa a kumbure saboda ciwon suga, kowa da kowa na shiga yana fita kamar tasha. Kafin isha'i na ƙirga mutum goma sha uku. Haba! Tsohuwa marar lafiya, babu mai barin ta ta huta?

Juma'a: Nima

Na zo da kwaɗon Jamus, yuro arba'in na saye shi. Da zan fita sallar asuba na garƙame ƙofa, na jefa makulli a aljihu. Daga masallaci na zarce wajen mai wake da shinkafa, na ci na sidi talatin da talia da ƙwai, muka ɓarke da hira da abokan ƙuruciya har bakwai da rabi.

Da na dawo, mata sun cika lungu, Malam Isaka kafinta na tsaye da guduma, kwaɗona a ƙasa ya rabe biyu. Ashe kullum Mma kan sha magani da asuba, ƙarfe shida maƙwabciyarmu Anti Rabi ta kawo mata koko marar suga da ƙosai. Ranar ta ƙwanƙwasa, ta kira, sai nishi ta ji daga ciki. Da suka fasa kwaɗon, sun same ta tana rawar jiki, gumi sharkaf, suganta ya faɗi saboda ta sha magani ba ta ci komai ba.

"Kai Boga," in ji Anti Rabi da Hausarta ta Zango, "Mma ya mutu ne da ka kulle shi? Nan ba abroci ba ne, ba Turai ba ne!"

Maimakon in ji kunya, sai na hau faɗa. Na ce wannan ma ya isa dalilin barin unguwar.

Asabar: Kasoa

Tara na safe muka tashi a motar haya, kilomita talatin da 'yan kai, amma cunkoso ya ci mana awa biyu da minti goma. A shingen hanya aka duba takardun direba, aka gaishe da Mma, muka wuce.

Na nuna mata katanga mai waya a sama, ƙofar ƙarfe, tayil, banɗaki a cikin ɗaki. Ta zauna a falo, ta sa albarka. Sai ta ce, "Awudu, yi shiru." Muka yi shiru.

"Me ka ji?"

"Ban ji komai ba, Mma."

"To, in ka koma, na faɗi a banɗakin nan, wa zai zo da guduma?"

Nan take na tuna tsohon da ke ɗakin da ke kallon nawa a Hamburg. Kwana tara ya yi a mace, wari ne ya sa aka fasa ƙofarsa. Shekara bakwai muna haɗuwa a matakala, ban san sunansa ba sai a takardar da aka manna. Raina ya ɓaci fiye da na jiya, amma da kaina, da kuma ƙasar da ta koya mini cewa kulle ƙofa shi ne kula da mutum. Na zuba ƙarfina shekara shida ina gina wa uwata irin ɗakin tsohon nan.

Komawa gida

Biyar da minti ashirin muka shigo Nima. Kwatar na nan da warinta, ba zan yabe ta ba. Amma kafin direba ya kashe mota, mutum huɗu sun riƙe Mma, ana tambayarta ko ta ci abinci. Gidan Kasoa na bar wa 'yan haya. Mma ba ta zuwa ko'ina.

Na gode wa Allah da Ya kawo ni gida lafiya, na gode wa Anti Rabi da kokonta. Malam Isaka kuwa, na je har rumfarsa na ba shi haƙuri. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ba komai, Boga. In ka sake sayo wani, guduma na nan."