Kaka Mai Barci Ido Buɗe

Jiya ƙamshin gyadar da aka shanya ya tuno min da wautata. A shekarar yunwa Kaka ce ke gadin shanyarmu, idanunta jajir, sun firfito waje. Na yi ta yaɗawa cewa tana hango ɓarawo tun daga Ɗambatta. Ashe barci take yi, ciwon maƙoƙo ne ya hana su rufuwa.

Wata rana ta ce, "Angona, jiƙo min tsumma in ɗora a idanuna, kamar yashi nake ji a ciki."

Na ce, "In kin rufe su, wa zai tsare gyada?" Na sheƙa da gudu.

Kafin damina idonta na hagu ya bushe, ya daina gani. Allah ya jiƙanta, ya ba ta hutu. Ranar da ta rasu, da hannu Innata ta rufe mata su.