Manoman Lahadi

A shekarar da ƙanina ya dawo daga Japan ina aji biyu a makarantar yaƙi da jahilci ta Kura, ni da jikokin wasu muna haɗa baƙi. Shi malamin gona ne, aka tura shi kwas kan noman shinkafa. Mijina ya rasu ya bar mana gona ɗaya a bakin kanal ta wajen Bunkure, ɗana na fari ke noma ta, ni kuma ina turara shinkafa shanshera a gida ina kai wa inji. Ƙanin mijina ya daɗe yana cewa in yaron ya gaza a ba shi aronta. Na san irin aron nan. Gonar da ta shiga hannun baffa ba ta cika dawowa ba.

Ana cikin haka yaron ya samu aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, cikin Kano. Na ce ba inda za shi.

Ƙanina ya zo gaishe ni ina tsaye kan tukunya, ya zauna a kan turmi ya shiga ba da labarin garin da ya zauna, Nagaoka. Ya ce bai kai Kano ba, amma ya fi ƙarfin a kira shi ƙauye. Wani babban kogi ya ratsa tsakiyarsa, duwatsu ta gabas, teku can yamma, tsakaninsu fili shimfiɗe, shinkafa iya ganinka. Da sanyi dusar ƙanƙara kan rufe gonakin ruf, har sun binne famfo a tsakiyar titi yana feso ruwa don ya narkar da ita.

Na ce, "Ruwan da muke zage-zage a kansa, shi suke ba kwalta?"

Ya ce, "Yaya, ki bari in gama mana."

Garin tsohon mazaunin sarauta ne. An ƙone fadarsa a wani yaƙin basasa, yanzu tashar jirgin ƙasa ce a gurbin. A yaƙin duniya jiragen sama suka sake ƙone shi, suka sake ginawa. An taɓa haƙo mai a duwatsun nan na gabas, daga gyaran injinan haƙa mutanen suka koyi ƙira, man ya ja baya, ƙirar ta zauna. Shinkafar kuwa ba sa turara ta. Sun fi son ta caɓe, su yi biskit da ita, su yi giya.

Sai ya zo kan abin da na gane tun farko shi ya kawo shi. Ya ce yawancin masu gonakin can ma'aikata ne. Mutum yana kamfani duk mako, ran Lahadi ya hau ɗan injinsa ya yi dashe. Gona tana hannunsa, albashi yana aljihunsa.

Ɗana na rakuɓe a bakin ƙofa, ya ce, "Inna, kin ji dai abin da Kawu ya ce."

Na ce, "Na ji. Tare kuka kitsa, ba yau aka haife ni ba."

Duk da haka abin ya shige ni. Washegari na sa malamarmu ta nuna mini ƙasar a taswira, na ga 'yar siririya kamar ɓawon rake a cikin ruwa. Na ce in waɗannan sun riƙe biyu, mu ma ma riƙe. Na sallami yaron ya tafi aikin, da sharaɗin kowace Lahadi a gona za ta same shi.

Damina ta wuce lafiya, don sama ba ta tambayar ranar hutu. Da rani ya zo muka sa tumatir. A nan ruwa rabo ne, ana sako wa kowane layi ranarsa, namu kuma Laraba ya faɗo. Ran Laraba yaron yana gaban inji a Kano. Ran Lahadi ya zo da tiyo a kafaɗa ya tarar da kanal a bushe, sai kwaɗi. Na ɗauki ɗan ƙwadago, ya cika fangalin bakin hanya ya bar na ciki. Na je da kaina na yi faɗa da na sama da mu da ke tare ruwa, suka ce, "Hajiya, ki turo namiji mu yi magana." Na faɗa musu abin da ba zan rubuta a nan ba. Ruwan dai bai ƙaru ba.

Da na koma wa ƙanina, ya ce ai su can sau ɗaya suke noma a shekara, ƙanƙara ke ba su hutun dole, ruwansu kuma yana bakin gona duk lokacin shuka. Na ce da ya faɗi wannan tun a kan turmi. Ya ce ban tambaya ba. Gaskiyarsa ne.

Tumatirin ya zubar da fure. Yaron ya ce zai ajiye aikin, na dube shi na ga har ya yi kumatu, an kuma fara maganar aurensa, na ce ya zauna inda yake. Kafin damina na aika aka kira baffansa, na ba shi aron gonar a gaban mutum biyu. Har yau shi ke noma ta. In ya girbe, nakan sayi shansherar a wajensa kamar ta kowa.