Baba Allura, Mai Ƙirga Kwaɗon Ƙofa

Ƙarfe bakwai da rabi yake isa ofis, ya rataye hula, ya tsaya gaban taswirar gari yana soka mata allurai masu jan kai, kowace allura sata ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi haka a sashen ƙididdiga na 'yan sanda. Ko ɓarawon kaza bai taɓa kamawa ba, shi ya sa masu kaki suke tsokanarsa da Baba Allura.

Ni a layinmu na san shi. Wata shida da ba mu motar sintiri, sai rahoto ya nuna ƙarar sata ta ninka. Shugaban 'yan sandan yankin ya ce motar ba ta tsinana komai ba, a janye ta. Mahaifiyata, wadda sau biyu ana fasa mata shagon ɗinki, ta fara zancen sayar da kekenta.

Baba ya roƙi mako biyu.

"Ranka ya daɗe, da can wa mutane za su gaya wa in an yi musu sata? Yanzu ga ɗan sanda a ƙofar gida. Wataƙila ba satar ce ta ƙaru ba, kai ƙarar ne ya ƙaru."

Ya zaɓo wani layi mai kama da namu wanda babu sintiri, ya taka su duka biyun da ƙafa. Ya tambayi masu walda ƙofa nawa suka gyara, ya tambayi masu sayar da kwaɗo mutum nawa suka zo sauya wanda aka ɓalle. A wancan layin babu abin da ya canza. A namu ɓarnar ta ragu fiye da rabi. Aka bar mana motar.

Har yau mai kwaɗon layinmu in ya hango shi sai ya ce, "Baba, kai ka kashe min kasuwa."

Baba, kai ne kuma ka rubuta cewa a wata unguwar sintirin korar ɓarayi kawai ya yi zuwa layin baya. A ofis an daina amsa gaisuwarka wata guda, ba ka goge ko harafi ba.

Masu gadar kujerarka, ku riƙa tashi daga tebur kuna tambayar mutane kafin ku sa hannu.

Mun gode, Baba, Allah ya sa ka huta lafiya. Keken nan ba a sayar ba. Da shi aka ɗinka rigar da ka sa ranar ritayarka.