Daɓen Pa Abiose

Rubuta da kyau, jikalle, kada ka gyara mini magana.

Pa Abiose Makfoi kafinta ne a nan Rijent, bisa tudun Firitawun, a ƙasar Saliyo. Gidan katakon nan na bayan coci shi ya kafa shi, shi ya shimfiɗa daɓensa allo bayan allo. A gindin bango ya bar ramukan iska, don gari ne da damina ke zuba wata shida. Yakan ce in iska ba ta ratsa ƙarƙashi ba, katako zai sha danshi ya kumbura.

Da ya tsufa idonsa ya tafi. Bai damu ba, ƙafarsa ta san gidan. Ba sanda yake yawo. Ɗan ƙanensa Dowu ya rasa wurin zama, Pa Abiose ya ba shi ƙarƙashin gidan, don gidan a ɗage yake daga ƙasa, da sharaɗi guda: kada a taɓa ramukan.

Bayan damina biyu, sai Pa Abiose ya fara tuntuɓe a tsakar ɗakinsa.

"Yomi," ya kira 'yarsa, "allon nan ya tashi."

"Haba Baba, ƙafarka ce dai. Ɗaga ta mana."

Ya tambayi Dowu. Dowu ya yi dariya. "Baba, sumul yake kamar faranti. Tsufa ne, ko kuwa ka ɗan taɓa kwalba?"

Kowa haka. Har ya yarda kansa ne ya fara juyewa. Mutumin da ke zagaya gidansa yana waƙa ya koma zaman kujera, sai an riƙe masa hannu.

Wata safiya suna coci ya rarrafa waje, ya bi gindin bango yana lalube. Siminti. Rami na gaba, siminti. Duk an toshe. Ashe Dowu ya yanka wurin ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan haya, har da famfon wanki, kuma Yomi ta sani.

Suka dawo suka tarar da shi da guduma, ya fasa ramuka uku, warin ruɓa na fitowa.

Yomi ta ce, "Baba, tsaya in yi maka bayani..."

"Katakon ban ji zafinsa ba, Yomi. Ruwa aka ba shi ya sha. Amma kai Dowu ka ce na haukace, ke kuma ki kama hannuna kina lallashi?"

Allunan ba su sake kwanciya ba. Shi ma bai sake yarda wani a gidan ya riƙe masa hannu ba. Ya sassaƙa sanda da kansa, da ita ya yi yawo har ya rasu.