Taron da Aka Kai Kan Dutse a Tsakiyar Damina

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Idi Kutama. Ranar da muka kai shi makwancinsa ban samu sukunin baƙin ciki ba, karɓar gaisuwa ya sha mini kai. Sai a bana, ina zaune a zauren wani otal can kan dutse, an rataya mini kati a wuya da sunana a jiki kamar buhun da za a aika Legas, na ji rashinsa yadda ya kamata in ji shi tun farko.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Idi shi ne sakataren ƙungiyarmu ta manoma da masu hatsi na Gwarzo da Kabo, tun kafuwarta har ya bar duniya. Tare muka tashi. Ni na bi fatauci, na zaga ƙasashe, na kwaso Larabci da Faransanci da ɗan Turancin da zai shigar da mutum masauki ya fito da shi. Shi ya zauna gida, in ban da aikin hajji bai taɓa ƙetare iyaka ba. Shi ya tsaya tsayin daka har aka gina mana sito a bakin hanyar Kabo, inda kowane ɗan ƙungiya yake ajiye hatsinsa da kaka ya jira kasuwa ta gyaru, maimakon ya zubar wa 'yan baranda tun a bakin gona.

Kada wani ya zaci mai gudun tafiya ne. Shi ne ma ya fara kawo shawarar a riƙa kai taron shekara wani gari mai duwatsu da sanyi. Hujjarsa ita ce a gida ba a gama magana: wannan a kira shi suna, wancan jana'iza, wani kuma a aiko masa cewa sansa ya tsinke igiya. Amma yadda yake zaɓar wurin shi ne abin da nake so matasa su ji.

Ba ya fara tambayar farashin ɗaki. Sai ya hau babur ɗinsa ya bi Kara da Jama'a da ƙauyukan Kabo, ya sami mutane irin su Malam Bala na Kara, dattijo mai shanun huɗa biyu da gona ɗaya, ya tambaye su yaushe za su iya barin gida kwana uku. Amsar ba ta canzawa: bayan an kai amfanin gona gida. In ya tsayar da lokaci, sai ya shiga motar haya, irin wadda sauran za su shiga, ya je garin da kansa. Ya kwana a ɗaki mafi araha. Ya yi alwala da ruwan wurin ya ji ko yatsun tsoho za su jure. Ya taka daga ɗakin kwana zuwa zauren taro zuwa masallaci, yana lura da matakala, don ya san akwai masu ciwon gwiwa. Ya shiga kicin ya tambayi mai girki ko ta iya tuwo, in ba ta iya ba ya nemi izinin mu zo da tamu. Sai duk wannan ya yi daidai sannan ya zauna ciniki, kuma cinikinsa ba daɗi; na ga manajan otal ya tashi yana share gumi a garin da ake kwana da bargo biyu.

Na ga garuruwan hutu na kan dutse da yawa. Na kwana a Ɗa'ifa lokacin da mutanen Makka ke hawa gudun zafi, ɗaki ya yi tsada kamar da zinariya aka shafe shi. Na ga na Maroko, na ga na Habasha, na ga namu na Jos da Mambila. Abu ɗaya ne ya haɗa su: kowanne yana da watannin da yake araha, kuma watannin nan su ne waɗanda babu mai son zuwa. Wannan ba ilimi ba ne mai zurfi. Direban tasha ya san shi. Shugabanninmu na yanzu ne kawai labarin bai kai musu ba.

Sakatarenmu na yau, Malam Nasiru, yana da digiri, kuma ba ya barin ka manta. A zaman kwamiti da aka yi a Gwarzo ya miƙe da waya a hannu, ya ce ya kwatanta garuruwa da dama, ya samo mana wanda ya fi kowanne sauƙi. Ya zaga da hotuna: tsaunuka kore shar, zaure mai kujeru masu juyawa, tafkin wanka da babu ɗayanmu da zai tuɓe ya shiga. Na tambaye shi wane wata ne. Da ya faɗa, sai na lissafa da yatsu na ga ya faɗo daidai lokacin maimai, sa'ad da ciyawa ke tsere da gero, manomi ko sallar Juma'a da gudu yake zuwa.

Na ce, "Malam Nasiru, wa ka tambaya kafin ka sa wannan rana?"

Ya ce, "Baba, ai an tura saƙo a waya. Babu wanda ya ce a'a."

"Malam Bala na Kara ya ga saƙon?"

Shugaba, Alhaji Tasi'u, ya karɓe zancen yana dariya. "Haba Baba Alhaji! Kai da ka sha iskar ƙasashe, mu sau ɗaya za mu ɗanɗana ka hana mu? Wanda bai samu zuwa ba za a kawo masa hotuna."

Aka yi dariya, aka wuce.

Da shan iska ne kawai da ban ɓata tawada ba. Cikin abubuwan da za a yanke a taron akwai maganar ba wani attajiri hayar sitonmu na shekaru masu yawa. Dokar ƙungiya kuwa ta ce waɗanda suka halarta su ke jefa ƙuri'a. Malam Idi ne ya rubuta wannan doka da hannunsa, don bai taɓa kawowa a ransa za a yi sakataren da zai kira taron manoma ranar da manoma ke duƙe a gona ba. Ba na zargin Malam Nasiru da makirci. Makirci yana buƙatar tunani. Araha ya gani ya danna. Alhaji Tasi'u ne, da ya duba ranar ya duba waɗanda za su iya zuwa, ya ga an kawo masa abin da bai roƙa ba, ya bar ranar yadda take.

Na bi su, don in ban je ba babu bakin da zai yi magana. Motar cike take da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, kowa da sabuwar suwaita a kan babbar riga. Ban ga hannu ɗaya mai kanta ba. Muka hau, muka tarar da dalilin arahar yana jiranmu a ƙofa: ruwa ba ya ɗaukewa, gajimare ya sauko ya rufe tsaunukan da aka nuna mana a waya. Kwana uku ban ga dutse ba sai wanda nake takawa. Masallaci yana can ƙasan gangare mai santsi, mutane suka koma salla a ɗaki. Aka kawo wani mai lacca ya yi mana bayanin noman zamani da majigi, mutumin da na tabbata in ka nuna masa shukar gero da ta dawa ba zai bambance ba. Aka tafa masa. Aka ɗauki hoto a gaban ƙyalle mai sunan ƙungiya, aka sake ɗauka don hular shugaba ta karkace.

Maganar sito ta zo a rana ta ƙarshe, bayan cin abinci, ana ta hamma. Na miƙe na ce a ɗage ta zuwa kaka, masu ajiya a ciki su zo su faɗi ra'ayinsu. Alhaji Tasi'u ya yaba mini ƙwarai, ya kira ni uba, ya ce tarihi ba zai manta da irinmu ba, sannan ya ce masu goyon bayan hayar su ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi ba su taɓa ɗora buhu a sitonnan ba. Nawa kaɗai ya tashi a ɗaya ɓangaren, kuma na ji kunyarsa, don ni ma ba manomi ba ne, na dai san wanda ya gina wurin.

Na sha tambayar kaina me Malam Idi zai ce. Ina jin ba zai ce komai ba. Ba mai jawabi ba ne. Tun ranar da aka faɗi watan zai hau babur, kafin mako ya zagayo kwamiti ya ga dattawan Kara da Jama'a zaune a ƙofar ofis da laka a ƙafafunsu. Ni da harsunana huɗu ban yi wannan ba. Na tsaya gardama da masu waya, na shiga motarsu, na ci abincinsu.

Da kaka ta yi, ina bakin hanyar Kabo wajen wani mai awo sai ga Malam Bala da amalanken shanunsa, buhunan gero a ɗaure. Ya tsaya a ƙofar sito ya tarar da sabon kwaɗo da sabon maigadi. Babu wanda ya gaya masa. Saƙon waya aka tura. Na ƙarasa muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi gona, muka daɗe muna gaisuwa don babu mai son ya fara.

Ya ce, "Alhaji, a wane zama aka yanke wannan?"

Na ce, "A taron shekara, Malam."

"An yi taron shekara?"

"An yi. A kan dutse."

Ya dubi ƙofar, ya dubi buhunansa. 'Yan baranda biyu da ke zaune a gindin bishiya tuni sun miƙe suna gyara riga. Bai zagi shugaba ba, bai tambayi sunan sakatare ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Idi." Ya ja igiya ya juya shanun wajen masu jiransa.

Da na ɗauka abin da mutum ya bari shi ne gini da doka. Ginin yana nan, na wani ne. Dokar tana nan, da ita aka yanka mu. Abin da ya rage na abokina shi ne wannan: manomi ya zo ƙofar da aka rufe masa, ya rasa wanda zai kai wa kuka cikin masu rai, ya kira sunansa. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Mu da muka hau dutsen kuma, Allah ya yafe mana in Malam Bala ya yafe.