Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Fari

Ɗana na fari a ɗakin uwar mijina ya tashi. Tun da aka yaye shi ban goya shi a gaban mutane ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. "Yaron nan" nake cewa. A garinmu Safo haka mace mai kunya take yi, ni kuma har yabona ake yi a kai, ina jin daɗi.

Da daminar da ya shiga shekara uku, tsohuwar ta tafi biki Katsina, mijina bai dawo daga ci-rani ba, sai zazzaɓi ya kayar da yaron. Da safe ya fara sanƙarewa. Na ɗauke shi muka hau amalanken jaki zuwa asibitin Madarumfa, tunda gwamnati ta ce yaron da bai kai shekara biyar ba kyauta ake duba shi. Rumfar jira cike take da matan garinmu, saboda wannan kyautar ba wadda take zama gida da ɗa marar lafiya. Har da ƙanwar mijina, wadda ta yi ta goyonsa a ɗakin tsohuwar, ta zo awon ciki.

Majo, wato babban malamin jinya, ya ga yadda kan yaron yake lilo, ya shigar da mu kafin layi ya zo kanmu. Ƙofa a buɗe, kowa yana ji.

"Ke ce uwar yaron ga?"

Na dubi ƙasa na ce, "Ɗan gidanmu ne."

Ya ɗaga fatar idon yaron, ya girgiza masa kafaɗa, shiru. Ya ce, "Malama, ina son in san ko yana ji, don in san maganin da zan fara da shi. Kira sunanshi. Muryar da ya sani yake bukata."

Ɗana yana kwance kamar tsumma, ni kuwa tunanin abin da za a faɗa a bakin rijiya nake yi. Kunyar wannan tunanin ta fi ta kiran sunan ciwo, har yau ina jin ta.

Na sunkuya na kira shi a hankali. Majo ya ce in ɗaga murya. Na ɗaga, har rumfa ta yi tsit. Bai motsa ba.

Sai ƙanwar mijina ta taso da tsohon cikinta, ta tsaya bakin ƙofa ta kira shi sau ɗaya. Ya buɗe ido, ya juya wajenta.

Majo ya ɗauko allura, ya dube ta ya ce, "To, uwar yaro, zo ki riƙe mani hannunshi."